Tsallaken Gada: Yinin Da Na Yi A Kan Keke A Bayan Kamazo

Yau ba girki na zo muku da shi ba, ba kuma labarin soyayya ba, kodayake ita soyayyar ma sai da ta leƙo kanta a ciki. Labarin wata 'yar tafiya ce da na yi a ƙarshen watan Agusta na 2024, tafiyar da ko rabin nisan Kaduna zuwa Zariya ba ta kai ba, amma sai da na shekara 22 a duniya kafin Allah Ya nufe ni da yin ta.

Ni haifaffiyar Tudun Wadar Kaduna ce. Tun ina 'yar mitsitsiyata na san akwai wani wuri da ake ce wa tsallaken gada a gidanmu, kuma duk sanda aka ambace shi sai Umma ta yi shiru, Baba kuwa ya jawo rediyonsa ya ƙara murya. Sai da na yi wayo na gane dalili. Ashe a can iyayena suka fara zaman aure, a Unguwar Talbijin, lokacin Baba yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 rikicin shari'a ya ɓarke, wanda ya ci rayukan mutane fiye da 1,000. Wani maƙwabcinsu Kirista ne ya kulle su a uwar ɗakinsa kwana biyu, har aka samu hanya suka fito da kayan jikinsu, Umma tana goye da Yayana. Ba su sake komawa ba. A watan Nuwamba na 2002, shekarar da aka haife ni, aka sake wani rikicin a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, to daga nan ne fa garin ya rabe, mafi yawan Musulmi suka tattara a arewacin kogi, Kiristoci a kudu, har wasu suna tsokanar cewa nan Makka can Ƙudus. Ba wai babu Musulmi a kudu ba, akwai su a Makera da Kakuri da Barnawa da Nasarawa, amma dai mu a gidanmu gada ita ce ƙarshen duniya.

To me ya kai ni? Ƙawa ce. A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna muka haɗu, kujerarmu ɗaya, ita 'yar Narayi ce, iyayenta mutanen Zonkwa, Hausa kuwa a bakinta har ta fi ni karin magana. Wata Litinin ta shigo aji da ƙujewa a gwiwar hannu tana ta fara'a kamar wadda aka yi wa bushara da kujerar Makka. Na ce, "Ke kuma wa ya ja ki a ƙasa?" Ta ce dutse ne. Wai su wajen goma ne, maza da mata, duk Asabar suna hawa kekuna su shiga daji ta 'yan siraran hanyoyin da manoma ke bi, su hau duwatsu su gangaro. Ta nuna mini hotuna a wayarta. Wallahi 'yan'uwa tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma na iya keke. Ina shekara 9 na koya da na Yaya a lungunmu, na kai 12 Umma ta ce, "Kin girma, sauko." Na sauko ɗin, amma zuciyata ba ta sauko ba.

Sati uku na yi ina zagaye kafin na iya furta wa Baba. Kafin nan ma sai da na fara da mutumina, wanda a lokacin an riga an kawo kuɗin gaisuwarsa. Ya yi shiru a waya, can ya ce, "Ni dai a raina ban so ba, amma tunda ba ki shigo hannuna ba tukuna, ba zan hana ki ba." Kun ji fa, a fakaice an hana ni ke nan. Washegari ƙanwarsa ta aiko mini da saƙo wai in yi hattara, keke yana zubar wa yarinya da budurci, kada in jawo wa kaina abin kunya a daren farko. Raina ya ɓaci matuƙa, amma na haɗiye, zan dawo kan wannan magana a gaba.

Shi kuwa Baba, na zaci zai hau ni da faɗa, musamman da yake a farkon watan ne aka sa dokar hana fita a Kaduna saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. Sai ya kashe rediyo, ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce, "Ta ina za ku bi?" Na faɗa masa. Ya ce sharaɗi uku ne. Da Yayanki za ki, kafin la'asar kuna gida, sannan in kun gama shirmenku ku biya Talbijin, bayan wani coci akwai gida mai bishiyar mangwaro da rijiya a ƙofa, ku tambayi mai gidan ku ce ina gaishe shi. Umma da ke bakin murhu ta ɗago ta dube shi, shi kuwa ya mayar da rediyonsa kunne.

Ranar Asabar muna idar da sallar asuba muka tari Keke Napep. Muka wuce filin wasa na Ahmadu Bello muka hau tsohuwar gada, gari bai gama wayewa ba. Kogin Kaduna a watan Agusta ba irin wanda kuke gani da rani ba ne, mai duwatsu a waje da masu wanki a kai. Ya cika ya batse, ruwan ja-ja-ja kamar kunun kanwa, yana tafe da ciyayi da kututture, hazo na tashi a kansa. An ce daga kadojin cikinsa garin ya samo suna, ni dai ban ga ko ɗaya ba, amma na riƙe ƙarfen Napep da kyau. Muna sauka gadar ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya rabu, ɗaya ya yi Legas ɗaya ya yi Kafanchan. Muka karya ta Barnawa muka shiga Narayi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin abin mamaki. Mai ƙosai ce a bakin titi, mai shayi yana fifita wuta, yara da bokitai a layin rijiyar burtsatse. Ni da na taho da faɗuwar gaba sai na ji kunyar kaina.

Mu 11 muka taru a ƙofar gidan su ƙawata, mata 4. Jagoranmu wani magidanci ne da kowa ke ce wa Oga, shi ke gaba, sai wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Anti, ita ce a can ƙarshe, aikinta kada a bar kowa a baya. Kekunan duk na gwanjo ne, amma ba irin na masu kai nono kasuwa ba. Tayarsu kauri gare ta da ƙuraje-ƙuraje don ta kama ƙasa, kan keken miƙaƙƙe ne mai faɗi, ga giya barkatai, ga shokazoba a gaba kamar babur. Oga ya ce wasu samari ne a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara wannan wasa a shekarun 1970, suna gangaro tsaunuka da tsofaffin kekuna, har abin ya bunƙasa ya shiga gasar Olamfik a 1996. Ƙawata ta karɓe zancen, ta ce ai a farkon wannan watan ma wata 'yar Nijeriya, Ese Ukpeseraye, ta yi tseren keke a Olamfik ɗin birnin Faris, ita ce ta farko daga ƙasar nan, har sai da tawagar Jamus ta ara mata keke a ɗaya daga cikin wasannin. Na ce to ashe ba ni kaɗai ce mai keken aro ba.

Anti ta dube ni sama da ƙasa ta ce hijabin nan ba zai yiwu ba. Ni kuwa har ƙasa na zumbula shi. Ta ce, "Ƙanwata, ba hana ki sutura zan yi ba, amma in kaca ko taya ta kama bakin wannan, wuyanki za ta shaƙe." Allah Ya sa ƙawata ta riga ta gargaɗe ni, na sa dogon wando mai kauri da riga har gwiwa a ciki. Na cire babban na ninke a jaka, na sa ƙarami mai tsayawa a ƙirji na cusa bakinsa cikin riga, aka kifa mini hular kwano. Wannan shawara ku riƙe ta ko a kan babur ne, mata nawa dogon mayafi ya jawo ƙasa. A nan ne na ja Anti gefe na raɗa mata maganar ƙanwar mutumina. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gimtse fuska ta ce camfi ne, hawa keke ba ya raba yarinya da budurcinta, kuma ita wannan fatar da ake ta magana a kai halittar kowace mace daban ce, ba kowace amarya ce take ganin jini ba ko da ba ta taɓa sanin namiji ba. Ta ce a asibiti ta ga auren da jahilcin wannan abu ya kashe. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Kafin mu tashi Oga ya sa kowa ya matsa birkinsa ya ga wane hannu ne na gaba. Dalili kuwa, keken da ya fito daga Ingila birkin gabansa a hannun dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai a hagu, su kuwa 'yan gwanjo duk a haɗe suke kawo su. Nawa a hagu yake. Na ce na ji. Ya bi tayoyin yana rage musu iska kaɗan, wai taya mai tauri tsalle take yi a kan dutse, mai ɗan laushi ita ke manne masa. Yaya yana gefe yana taɓe baki, wai shi da ya yi shekara goma yana zuwa makaranta a keke za a koya wa birki.

Muka bi ta bayan gari muka ɓulla Kamazo, muka tsallaka titin da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012. Daga nan kwalta ta ƙare, gidajen da ba a gama ginawa ba suka yi ta raguwa, sai ga mu a bakin wata turba da faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ta kutsa cikin masara. Na ce, "Ƙawata, ina hanyar?" Ta ce, "Ga ta nan kina kallo."

Kai jama'a! Wanda bai shiga dajin kudancin Kaduna da damina ba bai san kore ba. Masara ta fi mu tsayi, raɓa tana ta zuba a hannayenmu, gamba tana marin fuska, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci. Sai a fita daga gona a faɗa ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya, sai a ratsa fadama mai shinkafa, giginyu tsaye a bakinta. A irin wannan hanya ba a jerawa, ɗaya bayan ɗaya ake tafiya, kowa ya bar tazarar keke uku tsakaninsa da na gabansa. Na gaba in ya ga abu sai ya ɗaga murya, "Rami!" ko "Saiwa!" ko "Mutum a gaba!", na bayansa ya miƙa wa na baya, har ta isa ga Anti. Ni dai farko duk dutsen da na ƙura wa ido don in kauce masa, shi nake zuwa in doka. Anti ta ƙwalla mini kira daga baya, ta ce in daina kallon abin da nake tsoro, in kalli inda nake son tayata ta bi, keke ido yake bi. Na gwada, ai kuwa kamar sihiri.

Wahalar ta fara ne da muka iso gindin duwatsu. Irin falalen nan ne baƙaƙe masu kama da bayan giwa, waɗanda suka watsu tun daga nan har Kujama da Kajuru. Oga ya ce a sauya giya zuwa mai laushi tun kafin a fara hawa, don in kin bari sai kina tsakiyar tudu kina danna feda da ƙarfi, kaca za ta iya tsinkewa. Bai rufe baki ba muka ji ƙas! Wa za mu gani in ba Yaya ba, tsaye da kaca tana reto kamar mataccen maciji. Wallahi na so in daure amma dariya ta ƙwace mini. Wani yaro ɗan sakandare, wanda bai fi shekara 16 ba, ya fito da ɗan ƙarfensa ya cire gaɓar da ta lalace ya haɗa sauran, cikin minti goma. Tun daga nan bakin Yaya ya mutu.

Ni hawan ban iya gama shi a kan keke ba, turawa na yi ina haki, kuma ba wanda ya yi mini dariya, don har cikin mazan akwai mai turawa. Da muka kai ƙololuwa na zube a kan dutse, ƙirjina kamar ana daka. Da numfashina ya dawo na ɗaga kai, sai na ga Kaduna gaba ɗaya a shimfiɗe. Ga dogayen bututun matatar mai da aka buɗe a 1980 tsaye shiru ba hayaƙi, ga rufin kwanon Sabon Tasha yana ƙyalli, can nesa ga kogin ya yi lanƙwasa. Na yi ta neman Tudun Wada da ido ban iya ware ta ba, sai da Yaya ya nuna mini wajen da hannu. Aka fito da guzuri, mu ƙosai da biredi Umma ta ƙunsa mana, ƙawata dafaffiyar gyaɗa, kowa ya sa hannu a na kowa.

Wani daga cikin samarin ya ce mu zarce gaba mana, duwatsun wajen Kujama sun fi waɗannan daɗi. Oga ya girgiza kai. Ya nuna mana wajen Mararrabar Rido ya ce iyakarmu ke nan, kuma ko nan ɗin ma sai da ya kira mutanen ƙauyen a daren jiya ya ji lafiya. Kowa ya yi tsit, don ba wanda ya manta da watan Yuli na 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel da ke Damishi a kan hanyar Kachia, ko harin da aka kai a gidan dutsen nan na Kajuru a Afrilun 2019 aka kashe mutum biyu. Ina faɗa muku wannan ne don kada wata ta karanta ta zuga ƙawayenta su faɗa daji su kaɗai. Ba a shiga sai da ɗan gari, da sanin iyaye, kuma da rana tsaka a fito.

Saukowa ita ce ainihin abin, kuma ita ce ta kayar da ni. Oga ya sa aka sassauta sirdi aka yi ƙasa da shi. Ya ce a miƙe a kan feda, ƙafafu biyu a daidai wa daida, gwiwa da hannu a sake, a tura jiki baya, birki kuma da yatsa ɗaya ko biyu, a riƙa lallaɓa shi, kada a damƙe. Na ga ƙawata ta sulale a kan falalen nan kamar ruwa. Na yi bisimilla na bi ta. 'Yan'uwa, daƙiƙun farko ban san sanda na saki ihu ba, iska tana kaɗa hijabina, keken yana rawa a ƙarƙashina amma yana bin umarnina, rabon da in ji irin wannan daɗi tun ina 'yar shekara 12. Na sauka dutsen lafiya, sai kaina ya fara girma. A ƙasa turbar ta bi gefen wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye, ta yi kwana ba zato. Na tsorata, na manta da duk karatun safe, na damƙe hannun hagu. Tayar gaba ta kafe, ta baya ta tashi, sai ga 'yar Baba a sama. Tim! Na faɗa tsakiyar kunyar doya, keken ya biyo ni.

Na ɗan jima ina kallon sararin sama. Hular kwanon nan da na raina ta tsage a gefe, da kaina ne fa. Gwiwata ta ƙuje, wandon ya yage, tafin hannuna yana zugi. Kafin Anti ta iso wata tsohuwa ta fito daga cikin gonar da fartanya, na ce shi ke nan yau na sha zagi, don na karya mata sanduna uku da yaɗon doyarta. Sai ta ce, "Sannu 'yata, sannu. Wa ya aike ki?" Ta kawo ruwa a ƙwarya aka wanke ciwon, Anti ta sa magani ta naɗe. Oga ya cire hularsa ya ba ta haƙuri, samari suka gyara sandunan, ya miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa, ƙarshe ma gasasshiyar masara ta ba mu. Bagwariya ce, kodayake su sun fi son a ce musu Gbagyi, kuma su ne tsofaffin mazauna wannan yanki tun kafin Turawa su dawo da hedikwatar Arewa Kaduna daga Zungeru. Da za ta tafi na ga ta ɗora kayanta a kafaɗa ba a ka ba, kamar yadda matansu ke yi. 'Yan makaranta, in kun sami naira 20 ku juya bayanta, matar nan mai ginin tukwane, Ladi Kwali, 'yar ƙabilarsu ce.

Ita wannan turba da muke wasa a kai, ta mutane ce, ƙafafunsu ne suka fitar da ita shekara da shekaru. Shi ya sa dokar Oga ita ce duk wanda muka haɗu da shi mu ne za mu sauka mu gaishe shi. Garken shanu ma da muka tarar a rafi tsayawa muka yi cik, sai da 'yan Fulanin suka gama shayar da su.

Muna shirin fitowa marka ta sauko. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne, amma ya isa ya mayar da jar ƙasar nan ta zama kamar tuwon da bai nuna ba. Laka ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi juyawa, muka koma tura shi muna sakace shi da tsinke duk bayan taku ashirin. Mun iso kwalta wajen ƙarfe ɗaya, ba mai gane kalar kayan wani.

A gidan su ƙawata muka ɗauraye jiki, ta ara mini zane, na mayar da babban hijabina, sannan ta raka mu cika aiken Baba. Neman gidan ya fi hawan dutse wuya. Coci a Talbijin ba ɗaya ba ne ba biyu ba, rijiyar an daɗe da rufe ta, shaguna sun tsaya a gabanta. Mangwaron ne ya cece mu. Muka yi sallama, wata dattijuwa ta fito tana goge hannu a zane. Yaya ya buɗe baki zai yi bayani, ita kuwa ta ƙura masa ido, sai ta kira sunan Baba. Ta dafa bango, ta sake kiran sunan, sannan ta rungume Yaya da lakarsa da komai tana kuka, tana cewa yaron da ta toshe wa baki da zanenta don kada a ji kukansa a waje shi ne ya zama wannan ƙaton. Ni kuma ta riƙe fuskata ta ce, "Ke ban san ki ba, amma ga Ummanki nan a goshinki."

Muka tambayi mai gidan. Ta ce shekara 3 ke nan da rasuwarsa.

Lokacin azahar ya yi, tun ba mu tambaya ba ta aiki jikarta ta kawo ruwa da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas ba tare da ta yi kuskure ba, ta ce a wannan kusurwar Baba yake yin tasa. Da muka idar ta ce mu biyo ta. A wani ɗan ɗakin ajiya, sama da buhunan masara, ga wani baƙin keke rataye da igiya, Raleigh, wanda su Baba ke ce wa Rali. Tayoyin sun ruɓe, gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa, amma ƙarfen garau. Ta ce na Babanku ne, da shi yake zuwa masaƙa, a tsakar gida ya bar shi ranar da suka fita. Maigidanta ya hana kowa hawa, har 'ya'yansa, duk shekara sai ya sauke shi ya shafa masa mai, yana cewa mai shi zai zo. Ta ce, "Ya jira, 'ya'yana. Ya jira ƙwarai."

Yaya ya ce to Mama bari mu nemi Napep mu tafi da shi. Ta ce a'a. Ta ce wanda ya ajiye shi ya zo ya ɗauka da ƙafarsa, ita ma tana da abin da za ta faɗa masa. Ta sa aka kwance ƙararrawar kawai ta damƙa mini a hannu.

A hanyar dawowa muka biyo ta Kakuri. Yaya ya nuna mini kamfanin Peugeot da aka buɗe a 1975, da katangar KTL, masaƙar da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, ciyawa ta fito har a kan rufinta. Baba ya sha ba mu labarin cewa in aka tashi daga aiki a zamaninsu, kekunan ma'aikata sai sun rufe titin nan, mota sai ta jira. Yanzu da aka cire tallafin mai a 2023 kekunan sun fara dawowa titi, masaƙun ne dai ba su dawo ba.

Shi kuwa mutumina, ƙawata ta ɗora hotonmu a WhatsApp, ni da hular kwano da laka har gira, ƙanwarsa ta gani ta kai masa. Kwana huɗu bai kira ni ba. A na biyar ya zo zance ya ce ya huce, amma in na shiga gidansa ba keke. Na ce masa zan yi tunani, kuma har yau da nake rubuta muku wannan ban ba shi amsa ba.

Mun shiga gida ana kiran la'asar. Umma ta ga ɗingishina ta fara salati, Baba kuwa yana kan tabarmarsa bai ce komai ba sai da muka zauna. Yaya ne ya faɗa masa rasuwar. Ya yi inna lillahi a hankali, ya sunkuyar da kai. Na matsa na ajiye ƙararrawar a gabansa, na isar da saƙon Mama kamar yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauke ta ya jujjuya, ya goge ta da bakin rigarsa, ya danna da babban yatsa. Ƙirrr! Umma ta juya ta shige ɗaki. Ya daɗe riƙe da ita, can ya dubi Yaya ya ce, "Yanzu nawa ne kuɗin Napep daga nan zuwa Talbijin?"